Rahoton Ayyukan Shekara: Tamowa a Unguwanninmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Babban aikin ƙungiya a bana shi ne bi gida-gida ana awon dantsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. A tef ɗin awo mai launuka, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, a kai yaro asibiti ranar nan. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, wato matsakaiciyar tamowa. Masu awo suna kuma danna bayan ƙafa na daƙiƙa 3. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafafu biyun, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba.

Abin da ya fi damunmu: tamowa takan shiga har gidan da rumbu bai ƙare ba. Ana zubar da dakashi, a ɗura wa jariri ruwa tun bai kai wata 6 ba, daga nan gudawa ta samu ƙofa. Ya isa cin abinci, sai a ba shi tsinkakken kunu, cikinsa ya cika da ruwa, ba gyaɗa, ba wake, ba mai. Ƙwai kuwa an hana shi saboda camfi. Uwa ta samu sabon ciki, a yaye shi dare ɗaya. Ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro su same shi a haka cikin damina, lokacin da hatsi ya yi tsada, sai ya zube cikin 'yan makonni.

Shi ya sa muka ba koyar da haɗin garin kunun Tom Brown ƙarfi: awo 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban kafin niƙa. Waken da bai soyu ba yana ɓata ciki, garin da ya sha danshi yana yin fumfuna. A dama shi da kauri, yadda ba zai zuba daga cokali ba. Ɗan wata 9 zuwa 23 ya ci sau 3 ko 4 a yini, ana ci gaba da ba shi nono. Don gudawa, ruwan gishiri da sukari na ORS tare da ƙwayar maganin zinc na kwana 10 zuwa 14.

Inda aiki ya rage: abincin tamowa na leda da asibiti ke bayarwa ana raba shi da sauran yara, wani ma ya ƙare a kasuwa. Magani ne na yaro ɗaya. Baɗi za mu zauna da magidanta bayan sallar Isha'i, tunda su ke riƙe da kuɗin cefane, kuma muna neman ƙarin mata masu awo kafin damina ta faɗi.