Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Dalilin da Ya Sa Muke Cewa a Sauya RAM Alhali Sabar Tana Aiki

Assalamu alaikum warahmatullah. Gaisuwa ta musamman ga alhazai da hajiyoyi, masu kantunan magani da makarantu da ofisoshin da muke kula wa da sabar (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan aiki) a nan Jos, daga Terminus har Bukuru. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Da yawanku kun tambaye mu: don me za mu bugo waya mu ce a sauya RAM, na'ura kuwa tana aiki lafiya lau? Kuɗinku ne, haƙƙinku ne ku ji dalili.

RAM, wato sandar ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, tana riƙe komai ne da 0 da 1, kowanne ana kiransa bit. Wani lokaci ɗaya daga ciki kan juye, saboda tsufan sandar ko zafi ko lahanin da ta zo da shi. A RAM ta gama-gari babu mai lura, sai adadin kuɗi ko makin ɗalibi ya canza, a adana shi a haka. Mai ECC kuwa, wato RAM mai gano kuskure ta gyara, kowane bit 64 yana tafe da ƙarin 8 na bincike. In ɗaya ya juye, a gyara nan take. In biyu ne, a gane, amma gyara ya gagara.

Daga nan aiki ya koma hannun kanel, wato ginshiƙin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, wanda ke raba wa manhajoji wuri a RAM. Sashensa mai suna EDAC yana ƙirga duk kuskuren da aka gyara, kuma wannan lissafi muke dubawa kafin mu kira ku. In kuskuren ya fi ƙarfin gyara, tun daga Linux 2.6.32 na shekarar 2009 kanel yana iya killace shafin da ya lalace, wato ɗan yankin RAM mai kilobayit 4 kacal, ya daina ba kowa shi. In akwai kwafin abin da ke shafin a faifai, sai ya sake karantowa, ba za ma ku sani ba. In babu, ya kashe manhajar da ke amfani da shi. In kuwa ɓarnar ta faɗa cikin bayanan kanel ɗin kansa, sai ya tsayar da na'urar ɗungurungum. Mun san takaicin sabar ta tsaya ana tsakiyar ciniki, layi ya taru. Duk da haka gara ta tsaya da ta ci gaba da rubuta lissafin ƙarya a littafinku wata da watanni.

Binciken da aka yi kan na'urorin Google, aka wallafa a 2009, ya gano fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara, kuma sandar da ta fara ƙananan kurakurai ta fi sauran haɗarin yin babba ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa ba ma jira.

Saboda haka daga yanzu duk sabuwar sabar da za mu haɗa, mai ECC ce. Za ta ɗan fi tsada, don sai da firosesa irin su Xeon ko EPYC da babban allon cikin na'ura waɗanda suka yarda da ita. Kuma don Allah kada a ruɗe ku da cewa kowace RAM samfurin DDR5 tana da ECC. Gyaran cikin guntu ne kawai, ba ya sanar da kanel komai.

Masu tsofaffin na'urori ku kira mu, mu zo bayan an tashi aiki mu bar Memtest86+, manhajar gwajin RAM, ta kwana tana gwada su.

Naku,
Ma'aikatan shagonmu, Jos