Maganin ƙuma na kare ba na kyanwa ba ne

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in ja kunnen masu kiwon kare da kyanwa kan magungunan ƙuma da kaska na zamani, irin wanda ake ɗigawa a ƙeyar dabba. Suna aiki kam, kwana biyu za ka ga kaska na zubowa, amma mutane ba sa karanta kwali sam.

Ni kaina na tafka wannan kuskuren. Ragowar maganin karena na ɗiga wa kyanwata, na ce ai duk dabba ce, kafin dare ta fara karkarwa tana zubar da yawu kunnenta na motsi shi kaɗai, wallahi na zata ta tafi. Likitan dabbobi ya ce sinadarin kashe ƙwari mai suna permethrin ne a ciki, kare yana jurewa amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ko kwanciya ta yi jikin karen da aka shafa wa bai bushe ba zai iya kama ta. Wanka aka yi mata da ruwan ɗumi da sabulu, ta kwana biyu ana mata ƙarin ruwa.

Su ma magungunan da dabba ke haɗiya ba a ƙyale su ba, a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi cewa irin su fluralaner kan jawo farfaɗiya ga wasu dabbobin, duk da ba ta hana sayarwa ba. Ni dai yanzu sai na auna nauyin dabbata na nuna wa likita kwalin kafin in buɗe, kuma yara ba sa taɓa ta sai wurin ya bushe.

Nagode,
Mai karanta jaridarku