Wasiƙar godiya ga shagon da ya yanka mini akirilik don tankin kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode wa Alhaji mai shagon yankan akirilik da nake hulɗa da shi a Kano, tare da yaran shagonsa, bisa gaskiya da haƙurin da suka nuna mini sa'ad da na ɗaura niyyar haɗa tankin kifin ado da hannuna a gida. Sana'arsu ta kullum ita ce yanka wa masu allunan talla wannan roba mai kama da gilashi, wadda wasu suka fi sani da Perspex, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya sa mata a shekarun 1930, amma duk da haka suka karɓi ɗan aikina hannu bibbiyu.

Ranka ya daɗe Alhaji, kafin mu yi maganar kuɗi sai da ka tambayi girman tankin. Da na ce tsawonsa santimita 90, faɗi da tsayi 45 kowanne, ka lissafa mini cewa zai ɗauki ruwa kusan lita 180, wato nauyin kilo 180, kuma ƙarfin da ruwa ke tura bango yana ƙaruwa ne gwargwadon zurfinsa. Shagon cike yake da fallayen da aka matso ta inji, masu araha, kuma da ka ga dama ka sayar mini nan take ba zan san bambanci ba. Sai ka ce in yi haƙuri har a kawo irin wadda aka yi da zubi, mai kaurin milimita 10, domin ita ce ta fi jure nauyin ruwa shekara da shekaru ba tare da ta tsattsage ba. A ganina wannan jinkirin da ka zaɓa a kan cinikin hannu shi ne ya fi komai cancantar yabo.

Haka kuma kun ƙi yanka mini da na'urar leza, mai yanka da haske, duk da kuna da ita, kuka bayyana cewa zafinta yana barin rauni a bakin fallen, wanda ke fitowa da ƙananan tsage-tsage da zarar ruwan haɗi, wato sinadarin da ake manna fallayen da shi, ya taɓa wurin. Da zarto kuka yanka, sannan kuka daidaita bakin da inji, babban yaronka kuwa ya riƙa bin kowane gefe da yatsa yana ɗaga shi ga haske, duk wanda bai kwanta masa ba ya mayar da shi.

Shi ne kuma ya sanar da ni cewa silikon ɗin da ake haɗa tankin gilashi da shi ba ya kama akirilik da kyau. Ya ɗauko guntaye biyu ya sa siraran allurai a tsakaninsu, ya zuƙo ruwan haɗi a sirinji, ya bi tsagin da shi a hankali. Ina kallo ruwan ya shige da kansa ya mamaye mahaɗar, ya dakata kaɗan ya zare alluran, fallen ya zauna, wurin ya yi garau babu kumfa ko ɗaya. Ya ce ruwan narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, kuma tururinsa yana da illa, saboda haka a tsakar gida ake aikin, inda iska ke kaɗawa.

Sauran shawarwarin ma na bi su: na sa madauri a sama don kada bangon ya turo waje, na ɗora tankin a kan katako mai laushin fuska da ya tallafi gindinsa gaba ɗaya, na bar takardar kariyar da ke jikin fallayen har aiki ya ƙare, na kuma ba mahaɗar lokaci ta yi ƙarfi kafin in gwada ruwa. Akirilik bai kai rabin nauyin gilashi ba, amma yana saurin karcewa, ga shi yana jawo ƙurar hunturu, don haka da tsumma mai laushi da ruwa kawai nake goge shi, ba na kusantar da sifirit. Yau tankin yana falo cike da ruwa, ba ya yoyo.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya saka maka da yaranka da alheri.

Wassalam,
Naku, abokin cinikinku daga Kano