Godiya ga Shagon Tayar da Ya Hana Ni Sayen Abin da Na Zo Saya

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan iyali lafiya, kasuwa kuma Allah ya ƙara mata albarka. Na so in zo da ƙafata in yi wannan godiya, kuma zan zo in sha Allahu, sai dai abin da aka yi mini a shagonka ya wuce a bar shi tsakanin mutum biyu. Shi ya sa na rubuta a fili, domin masu manyan motoci na Zariya da kewaye su ji. Ban kama sunanka ba don ban nemi izininka ba, kuma na lura kai ba mai son a yi ta yayata ka ba ne. Wanda ya saba bin titin da ya taso daga PZ ya nufi Kwangila zai gane inda nake nufi.

Motata Land Cruiser ce, tsohuwar ƙirar nan da ake kira 100. Ba ta ƙwalisa ba ce. Ita ke kai ni gona can bayan Maigana a ƙasar Soba, ita ke ɗaukar taki da iri, ita ce kuma ke kai iyali Kaduna da Kano idan an yi biki ko rasuwa. Rabin rayuwarta a kan kwalta, rabi a burji da taɓo. Bara, ƙarshen damina, muna dawowa daga Kaduna, mun wuce Jaji kaɗan, tayar baya ta hagu ta yi bindiga. Uwargida da yara uku suna ciki. Motar ta yi ta rawa da mu kafin na samu na gangara gefen titi, ina ta salati. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya samu, amma har yau idan na tuna kukan ƙaramar 'yata a wannan lokacin sai gabana ya faɗi. Tayoyin 'yan Kwatano ne, na saye su a wani wuri shekara guda kafin nan, zanensu raɗau, mai sayarwa yana rantsuwa cewa ba su yi aiki ba.

Bayan kwana biyu na zo wurinka da kuɗi a aljihu da shawarar da na riga na yanke. Na ga motar wani abokina sanye da manyan tayoyi masu haƙora, 285/75R16, ta yi tsayi ta yi kwarjini, na ce ni ma su nake so, guda huɗu. Kana da su a shago, ina ganinsu jere a sama, kuma sun fi duk na kusa da su tsada. Da ka ce wa yaro ya sauko da su, da cikin awa ɗaya ciniki ya ƙare. Maimakon haka sai ka ba ni kujera, ka tambaye ni ina nake zuwa da motar, me nake ɗora mata, kwana nawa a wata take shiga laka. Sannan ka ce a fara sauko maka da wadda ta fashe.

Ka tsuguna, ka jiƙa babban yatsanka, ka goge ƙurar gefenta har wasu lambobi huɗu suka fito a ƙarshen layin da ya fara da DOT. An rubuta 1416. Ka ce, "Malam, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan a mako na 14 na 2016 aka yi ta." Wato ta haura shekara takwas a duniya. Ka danna gefen da tafin hannu, sai ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Shekara ashirin ina tuƙi, zane kawai nake dubawa. A ranar na gane roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a zafin bazarar nan tamu ta Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

Daga nan hira ta ɓarke, na ji abubuwan da ya kamata kowane direba ya sani. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne cewa taya ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, a canja ta. Kamfani irin Michelin kuma shawararsa ita ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai cinye ba. Tawa ta tsallake ƙa'idar farko nesa, tana dab da ta biyu. Tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su, amma ga ta nan cike da kasuwa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa. Wasu 'yan kasuwa, don su rage kuɗin kwantena, sai su cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a wuri ɗaya. Wayar ciki ta lanƙwashe tun a teku, mai saye ba zai gani ba sai ranar da ta kumbura ko ta fashe da shi. Ka nuna mini yadda ake tsayar da taya a ƙasa a duba bakinta, ko ya zagaye sumul ko ya karkace.

Sai maganar girma, wadda ita ce ta kawo ni. Ka buɗe ƙofar direba ka nuna mini 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfe, wadda ban taɓa sunkuyawa na karanta ba: 275/70R16. Ka ɗauki alli ka rubuta a ƙasan shago. 275 faɗin taya ne a milimita. 70 kuma kashi ne cikin ɗari na wannan faɗin, shi ne tsayin gefenta daga bakin rim zuwa zane. R irin saƙar wayar ciki ce, 16 kuma girman rim a inci. In an haɗa, tsayin tayar da kamfani ya sa wa motar ya kama milimita 791. Wadda na zo nema kuma 834. Bambancin 43 ne, amma rabinsa kawai ke ɗaga mota daga ƙasa, don ɗaya rabin yana sama, cikin madigadi. Ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce, "Duk tsayin da za ka samu bai fi faɗin wannan da ɗan ɗoriya ba." Milimita 21 ke nan.

Abin da zan biya a madadin wannan yatsa ɗaya shi ne ya sa jikina ya yi sanyi. Taya ta ƙaru da kashi 5 cikin 100 da 'yan kai, don haka idan maleji ya nuna 100, a zahiri ina kan 105. Lissafin kilomita ma zai riƙa ragewa, in yi ta jinkirta juyen baƙin mai ban sani ba. Babbar taya ta fi nauyi, birki zai ƙara wahala kafin ya tsayar da ita, inji zai ƙara nishi a tashi da hawan tudu, mai kuma zai ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, babu mai babbar mota da zai ji wannan magana ya yi kamar bai ji ba.

Duk da haka ka ga alamar zuciyata ba ta saki ba, sai ka ce a gwada mini in gani da idona. A nan ne zan yaba wa yaron nan naka, dogon, mai ɗan tabo a haɓa. Ya ɗaura guda ɗaya a gaba, ya sauke jak, ya hau da ƙafar kan gefen kwalbati yadda nauyin motar zai danne ta, ya murɗe sitiyari har ƙarshe. Ya kira ni, "Baba, zo ka sa hannu a nan." Na kwanta a kan kwali na miƙa hannu tsakanin haƙoran taya da robar madigadi. Ƙaramin yatsana bai wuce ba. Motar ta tsufa, ta ɗan zauna, ga buhunan taki da nake loda mata. Ka ce ana iya ɗaga ta a canja shokozoba, mutane suna yi, amma wani kashe kuɗin ne daban, kuma mota in ta ƙara tsayi ta fi saurin kifewa a kwana. Yaron ya cire ta ya goge ya mayar sama, bai ɓata fuska ba, ku kuma ba ku karɓi ko sisi na wannan wahala ba.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba shi ne safaya. Niyyata in sayi huɗu in bar tsohuwar a ƙarƙashi. Ka tuna mini cewa irin wannan mota ƙafafunta huɗu duk suna ja a kowane lokaci, akwai giyar tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ranar da na yi faci a daji na ɗaura ƙarama cikin manya uku, ƙafa ɗaya za ta riƙa juyawa fiye da sauran, giyar nan ta yi ta aikin da ba hutu. In kuma na sa oksilare na kulle ta a haka na hau kwalta, gyaran da zai biyo baya ya fi kuɗin taya. Biyar ake saya, girma ɗaya, zane ɗaya.

Zanen ma ka bambance mini shi a taƙaice. H/T ta kwalta ce, shiru, amma taɓo ya fi ƙarfinta. M/T ta laka ce zalla, a kan titi sai gunji, ga saurin cinyewa, ga rashin kama birki sosai in ruwa ya jiƙa kwalta. Ni da na lissafa, kwanakin da nake shiga laka ta gaske ba su fi na tsakiyar damina ba, sauran duk burji ne da titin Kaduna da na Kano. A/T ita ce tsaka-tsaki, ita ka ce ta dace da ni.

Inda ka fi daɗewa kuwa shi ne 'yar lambar da ke bin bayan girma, wadda yawancinmu ba ma kallo. A tawa ta asali 114 ce, ma'ana kowace taya tana ɗaukar kilo 1,180. Ka kawo mini 265/75R16 mai LT a gaba, wato irin ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai lamba 123, wadda ke ɗaukar har kilo 1,550 idan an ba ta cikakkiyar iskarta, gefenta kuma mai kauri ne, ba kowane kututturen masara ko tsinin dutse ke huda shi ba. Tsayinta milimita 804, bambancinta da ta kamfani bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ta shiga gurbin safaya ba gardama. Ba ka ɓoye mini aibinta ba. Ka ce ta fi tauri, zan ji ramuka a bayana fiye da da, kuma tana son iska fiye da abin da takardar ƙofa ta rubuta wa ta asali. Ka ƙara da cewa ƙarfin taya ba ya ƙara wa mota nauyin da aka ƙayyade mata, kada in ga lamba babba in ninka buhuna. Wannan jan kunnen na riƙe shi.

Biyar ɗin da na saya, sai da ka sa na karanta ranar kowacce da bakina, duk 'yan watanni ne da fitowa. An sa sabbin bawul, an yi balansin, ka tura ni wurin mai alaimen da ka yarda da shi. Notuna da hannu aka ƙarasa ɗaure su, ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, ka ce in dawo bayan tafiyar kamar kilomita 100 a sake gwada su. Ka rubuta mini yawan iskar gaba da ta baya a bayan rasit, ka ce in auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, kuma lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake cikawa kullum ba. Geji ma a wurinka na saya, yana cikin akwatin gaban mota. Da aka yi lissafi, biyar ɗin ba su kai abin da zan kashe a manyan can ba in da an haɗa da tasu safayar da kuɗin ɗaga mota.

Akwai abu ɗaya da na gani wanda ko a gida sai da na ba da labarinsa. Da za a kwashe tsofaffin, wani ya tsaya a bakin shago ya taya su, yana cewa zanensu da saura. Ka nemi izinina, sannan ka sa aka kawo wuƙa aka tsaga gefen kowacce a gabansa. Ka ce masu yin takalmi za su amfana da su, amma ba za su sake hawa titi ta hannunka ba. Na dubi yarana a raina, na tuna Jaji.

Yanzu damina guda ta wuce a kansu. Na shiga gona cikin Agusta ranar da aka kwana ana ruwa, na rage iska kaɗan kamar yadda ka koya mini, na fita ba wanda ya tura ni, na sake cikawa wurin mai faci kafin na hau kwalta. Faci ɗaya kacal na yi, shi ma ƙusa ce a cikin gari, wajen Tudun Wada. Gaskiyarka, ana jin ramuka, uwargida ta yi magana a makon farko, daga baya ta saba.

Allah ya saka maka da alheri, Alhaji, ya tsare maka dukiyarka, ya raya zuri'a, ya sa yaran da kake koya wa sana'a su ɗauki halinka. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo a juya tayoyin, sun kusa kilomita 10,000, a sa safayar ita ma ta shiga layi. Zan zo da ƙanena da Hilux ɗinsa. Jiya da yamma na tsuguna a ƙofar gidansa na goge gefen tayarsa ta gaba, na ga 0917. A gaishe mini da dogon yaron nan, a ce masa Baba mai taki yana tafe.

Wassalam,
Wani manomi daga Tudun Wada, Zariya