Saƙon Kwamiti ga 'Yan Ƙungiya Mazauna Ƙetare: Taron Ƙarshen Shekara da Batun Tafiya Gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, a duk ƙasar da wannan saƙo ya same ku.

Sau biyu kwamiti ya zauna kan taron ƙarshen shekarar 2021, kuma a zama na farko haka muka tashi ba matsaya. Wasu na cewa kusan shekara biyu ke nan rabonmu da ganin juna, yawancinmu mun yi rigakafin korona, har yaushe za mu ci gaba da zaman ɗaka? Wasu kuma na cewa a dubi abin da ya ɓullo. Ranar 24 ga Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ɓullar sabon nau'in korona, bayan kwana biyu hukumar ta raɗa masa suna Omicron, kafin mako ya zagayo ƙasashe da dama sun hana jiragen kudancin Afirka sauka.

A zama na biyu muka daina tambayar kanmu ko muna jin tsoro, muka koma lissafin waɗanda za su shiga zauren. Akwai dattawanmu da suka haura shekara 60, akwai masu ciwon suga da hawan jini, kuma su cutar ta fi kayarwa. Ga shi mutum na iya yaɗa ta tun bai fara tari ba. Rigakafi na rage tsananin ciwon sosai, amma bai hana kamuwa ɗungurungum, balle a rufaffen ɗaki na tsawon sa'o'i. Don haka taron bana ta intanet za a yi shi. Mun san wasu ba su ji daɗi ba, mu ma ba da son ranmu ba ne.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne batun zuwa gida, wanda kwamiti ba shi da hurumin yanke wa kowa. Makon jiya wata ƙanwarmu ta kira ni da tsakar dare, mahaifiyarta na kwance a asibiti, tikiti kuma na hannunta. Muryarta na rawa ta ce, "Yaya, in na je na kai mata cutar fa? In kuma ban je ba ta cika ban gan ta ba, da wane ido zan kalli kaina?" Na yi shiru, don wallahi ba ni da amsa. Daga baya muka bi abin ɗaya bayan ɗaya: an yi wa Mama rigakafi? Za ki iya gwaji kafin tashi da bayan sauka, ki keɓe kanki 'yan kwanaki kafin ki shiga wurinta? In aka rufe hanya kina can, wa zai riƙe yara, kuma takardar zamanki za ta kai? Tsoron bai gushe ba, amma ta san abin da take aunawa. Jiya ta tashi, muna roƙon ku sa su a addu'a.

Akwai kuma ɗan'uwanmu da ya auna irin wannan ya zaɓi zama, saboda matarsa na da juna biyu. Abin da aka rubuta a kansa a zaurenmu na WhatsApp ya yi mana ciwo matuƙa. Don Allah a bari. Su kansu masana sun sauya magana: a farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce masu lafiya su sa takunkumi ba, sai a watan Yuni ta ba da shawarar sawa a cikin jama'a, da ilimin ya ƙaru. In har su haka, ina ga mai yanke shawara shi kaɗai cikin dare, zuciyarsa na wurin mahaifiyarsa?

Wanda ke shirin tafiya ya duba dokokin ƙasar da zai bari, da wadda zai ratsa, da wadda zai sauka, ya sake dubawa ana gobe tafiya. Mai rashin lafiya ya fara ganin likitansa. Za mu turo bayanin shiga taron a zaure, kuma duk mai son a yi shawara da shi ya kira ɗaya daga cikinmu ko da wane lokaci ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda muka rasa.

Sakatare, a madadin kwamiti