Takardar koke kan nakiyoyin da ke binne a gonaki da burtalan Mayo-Sava

Zuwa ga Mai Martaba Sultan na Wandala, Mora
Ta hannun Sarkin Hausawa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Mu manoma, makiyaya, direbobi da 'yan kasuwa na Mora, Kolofata, Kerawa, Amchide da Limani ne muka kawo kuka. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka daga Najeriya zuwa Kamaru a 2014 ake binne nakiyoyi haɗin hannu a hanyoyinmu. Sojoji na kwance waɗanda suka gano, muna kuma godiya. Amma aikin soja buɗe hanya ne don ayari ya wuce. Gonar albasa, filin dashen masakwa, burtali da bakin mashaya suna buƙatar wani aiki dabam, wanda ake bin ƙasa taƙi-taƙi har a miƙa ta ga mai ita da takardar shaida.

Ranka ya daɗe, ga yadda aikin yake. Da farko masu bincike ne ke zama da bulamai, mafarauta da makiyaya, su tambayi inda abu ya taɓa tashi, inda dabba ta mutu, da gonar da aka daina nomawa. Da wannan bayani kaɗai ake cire filaye da yawa daga zargi ba tare da an tona ko'ina ba. Abin da ya rage sai a kewaye shi da duwatsu masu fenti, ja na kallon haɗari, fari na kallon inda aka tabbatar, a kafa allon gargaɗi da za a hango daga mita 30. Sannan mai tono ya shiga layi mai faɗin mita 1, da sulke da gilashin kare fuska, ya yanke ciyawa, ya bi da na'urar gano ƙarfe, duk inda ta yi ƙara ya tona daga gefe. Zurfin da aka saba bi santimita 13 ne, ana ƙarawa idan ƙasa ta nuna haka. Ba a fara aiki sai da ma'aikacin jinya da motar ɗaukar majinyaci a wurin.

Irin nakiyoyin da ke wajenmu sun fi wahala. Jarka ce ko tukunya, da batir, da 'yar waya, da katakon da ake takawa. Wani lokaci ƙarfen ciki kaɗan ne, na'ura ba ta ji sosai, ga kwanson harsashi da gwangwani ko'ina suna sa ta kuka a banza. Damina kuma tana lalata lissafi: ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara yana kwashe alamomi, yana janye abin da aka binne zuwa cikin rafi, ciyawa ta rufe waya. Wanda ya ce ya san wurin tun bara, bana bai sani ba.

Wannan aiki kuɗin waje ne ke ɗaukar yawancinsa. Amurka ce ta daɗe tana kan gaba, sai irin su Jamus, Tarayyar Turai, Japan da Norway. Tun 2022 kaso mafi tsoka Yukren yake tafiya, a Janairun 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafinta na waje har kwana 90, ayyukan tono suka tsaya a ƙasashe da dama. Tuwon ya ragu, hannuwa sun ƙaru, kuma masu bayarwa ba sa sakin kuɗi sai sun ga taswira da alƙaluma. Maƙwabtanmu na Chadi sun kafa hukumar kwance nakiya tun 1998 saboda abin da yaƙin Libiya ya bari a Borku, Ennedi da Tibesti, shi ya sa da Tarayyar Turai ta ware Yuro miliyan 23 a 2017 akwai inda kuɗin zai sauka.

Kamaru ta amince da Yarjejeniyar Ottawa, wadda ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, a 2002. Sashe na 6 ya ba ta haƙƙin neman taimako, har da na kula da waɗanda suka ji rauni, sashe na 7 kuma ya wajabta rahoto kowace shekara kafin 30 ga Afrilu. Nakiyar haɗin hannu, muddin taka ta ne ke tayar da ita, tana cikin yarjejeniyar. Najeriya ta bi wannan ƙofa a 2020, ta bayyana matsalar Borno, Yobe da Adamawa, ta nemi ƙarin wa'adin kwance nakiyoyin.

Don haka muke roƙon Sarki ya umarci lawanai da bulamai su buɗe littafi a kowane gari. A rubuta rana, wuri, nisansa daga rijiya ko wata bishiya sananna, abin da mutumin yake yi, ƙafa ce ta taka ko taya, mutum nawa, dabba nawa. Duk wata a kawo fada. Da wannan littafi muke roƙon Sarki ya je wa Perfe, wato shugaban mulkin Mayo-Sava, da Gwamnan Arewa Mai Nisa, domin sunayen garuruwanmu su shiga rahoton ƙasa, a kuma buɗe wa ƙungiyoyin tono ƙofa.

Kafin kuɗi su zo, a yi shela a masallatai, coci-coci da kasuwanni: wanda ya ga waya ko ƙasar da aka tona sabuwa, ya tsaya cak, ya gargaɗi na baya, ya koma bisa sawunsa idan yana ganinsa, ya sanar da bulama. Kada a jefa dutse, kada a cinna wuta, kada a kora shanu su gwada hanya. A hana yara tsintar ƙarfen sayarwa a tsoffin sansanoni. 'Yan banga su sa alama kawai, kada su tona.

Muna kuma roƙon a koya wa mutum biyu a kowane gari ɗaure jini: a ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da rauni, ba kan gaɓa ba, a rubuta lokacin. Daga Mora zuwa asibitin Marwa kusan kilomita 60 ne, jini kuma ba ya jira. Idan tallafi ya zo, a ware kason ƙafar roba da gyaranta, domin yaro mai girma yana buƙatar sabuwa a kai a kai.

Allah ya taimaki Sarki.

Wakilan manoma, makiyaya, direbobi da 'yan kasuwa
Sa hannu da dangwale suna a takardar da ke biye