Satchel Paige: Gwanin Jifan da Aka Buɗe wa Ƙofa Yana da Shekara 42

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana kan wani ɗan wasan Amurka da ya kamata masu bibiyar shafin wasanni su san shi, wato Leroy "Satchel" Paige, mai jifa a wasan besbol. Ni tsohon malamin motsa jiki ne, na daɗe ina koya wa yara jifan mashi da na dalma, don haka na san abin da jifa ke yi wa kafaɗa da gwiwar hannu. Wannan ne ya sa labarin mutumin nan ya tsaya mini a rai.

A besbol, mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakaninsa da mai sanda. Aikinsa ya wurga ƙwallo ta yadda mai sanda zai kasa dukanta, in ya kuskure sau uku ya fita. Manyan masu jifa na yau suna kai gudun kilomita 150 a awa, kuma wanda ya fara wasa yakan yi jifa kusan 100 a cire shi, ya huta kwana huɗu kafin a sake sa shi. Duk da wannan lallaɓawa, da yawansu sai an yi musu tiyata a gwiwar hannu. Paige bai san irin wannan hutu ba. Ya shiga wasa don neman abinci a 1926, bai yi jifansa na ƙarshe a babbar gasar Amurka, wato MLB, ba sai 1965.

An haife shi a 1906 a garin Mobile na jihar Alabama. Yana yaro aka kai shi gidan horon yara da ke Mount Meigs, a can ya koyi jifa. Da ya fito ya tarar manyan ƙungiyoyin Amurka ba sa ɗaukar baƙar fata komai gwanintarsa, sai ya shiga gasar baƙaƙen fata: Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords, daga baya Kansas City Monarchs. Albashin bai isa ba, shi ya sa suke bin gari-gari a mota suna buga wasan nishaɗi da duk wanda ya yarda, wani lokaci yau a nan, gobe a can. In sanyi ya shigo Amurka sai ya tsallaka ƙasashen da ke kudu. Ya yi wasa a Kyuba, ya yi a Jamhuriyar Dominika a 1937. A wasannin gari-gari ya sha karawa da taurarin farar fata kamar Dizzy Dean da Bob Feller, 'yan kallo kuma suka gani da idonsu cewa ba su fi shi ba.

A 1938, yana Mekziko, hannun ya ƙi. Duk wanda ya taɓa ganin yaro mai jifa ya dafe kafaɗa ya kasa ɗaga hannu ya san irin wannan tashin hankali, balle ga magidancin da hannun ne jarinsa. Mai ƙungiyar Monarchs, J. L. Wilkinson, ya ba shi wuri a ƙaramar tawagarsa mai yawo, don sunansa kaɗai yana tara jama'a. A hankali hannun ya dawo. A 1942 yana cikin waɗanda suka kai Monarchs ga lashe kofin gasar baƙaƙen fata, suka doke Homestead Grays wasa huɗu a jere.

Da lokacin karya shingen wariya ya zo a 1947, Jackie Robinson aka zaɓa, wanda ya yi wasa tare da Paige a Monarchs a 1945. Ban ga laifin zaɓin ba, domin Robinson matashi ne mai haƙurin jure zagi. Amma ka duba yadda zuciyar Paige za ta kasance: shekara 20 yana cika filaye, ƙofa ta buɗe, wani ya riga shi shiga. Sai a watan Yulin 1948 Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya ɗauke shi yana da shekara 42, lokacin da yawancin sa'o'insa sun daɗe da ajiye wasa. Wasu 'yan jarida suka ce dabarar sayar da tikiti ce kawai. Tikitin kam ya sayu, mutum sama da 70,000 suka zo kallonsa a Cleveland. Amma tsohuwar zuma da ita ake magani: a wannan kaka ya ci wasa 6 ya faɗi 1, har da wasannin da ya yi zagaye tara cif, wato wasan gaba ɗaya, ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Cleveland ta ɗauki kofin World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran babbar gasa, a shekarar, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya yi jifa a wannan gasa.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na malami shi ne yadda ya maye gurbin ƙarfi da dabara. Gudun ƙwallonsa ya ragu, amma saitinsa bai ragu ba. Yana da wani salo da yake ɗan dakatawa a tsakiyar jifa, mai sanda ya riga ya kai duka kafin ƙwallo ta iso. Salon ya rikita mutane har hukumar gasar ta haramta salon a 1948. Ya koma St. Louis Browns daga 1951 zuwa 1953, aka sa shi cikin zaɓaɓɓun taurari a 1952 da 1953. Ranar 25 ga Satumba 1965, yana da shekara 59, Kansas City Athletics ta sa shi wasa da Boston Red Sox. Ya yi zagaye uku ba a ci maki ba, mutum ɗaya tak, Carl Yastrzemski, ya iya samun dukan kirki a kansa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya buɗe kundin babbar gasa a da, abin da zai gani gaban sunan Paige shi ne nasara 28, faɗuwa 31. Mai karatun da bai san tarihi ba zai ɗauka ɗan wasa ne tsaka-tsaki. Wannan lissafin tsufansa ne kawai. Ƙuruciyarsa an ƙwace ta da wariyar launin fata. Har ta kai bai cika kwanakin da ake buƙata don samun fansho ba, sai da Atlanta Braves ta ɗauke shi a 1968 domin ya cike su. A 1971 aka shigar da shi zauren karrama gwanaye da ke Cooperstown, nan ma da farko an so a ware wa 'yan gasar baƙaƙen fata wani sashe daban, sai da jama'a suka yi ca aka fasa. Ya rasu a 1982 a Kansas City.

A Disambar 2020 hukumar MLB ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 kuma aka haɗe alƙalumansu da na kowa. Nan take Josh Gibson, wanda ya yi shekaru yana cafe wa Paige ƙwallo a Crawfords, ya hau saman Ty Cobb, farar fatan da ya daɗe yana kan gaba, a jerin gwanayen duka. Na yi murna ƙwarai da wannan gyara, ko da yake ya zo bayan mutanen sun kwanta dama. Sai dai wasannin gari-gari, inda Paige ya ƙarar da mafi yawan ƙarfin hannunsa, ba sa cikin lissafin. Saboda haka ina roƙonka, Edita, duk ranar da shafin wasanni zai kawo jerin manyan masu jifa na Amurka, a sa sunansa, a kuma rubuta shekarar da aka bar shi ya shiga da shekarunsa a lokacin.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karatu, tsohon malamin motsa jiki